Kan Janar a Bonanjo da Hannun da Ya Ɓace a Birnin Rum

A dandalin gwamnati na Bonanjo, unguwar ofisoshi da tsofaffin gine-ginen Turawa a Duwala, akwai mutum-mutumin Janar Philippe Leclerc tsaye cikin kakin soja. Duk wanda ya hau bensikin, wato acaɓa, daga kasuwar Mboppi ya nufi babban gidan waya zai gifta ta kusa da shi. Wuyan janar ɗin ya sha wahala. Wani ɗan gwagwarmaya mai suna André Blaise Essama ya sa shi gaba tun 2003, kuma a lissafin da BBC ta bayar a 2020 ya fille masa kai sau 7, ya kayar da shi ƙasa aƙalla sau 20. An kama shi, an ci shi tara, an ɗaure shi, ya fito ya koma. Hukuma ma ba ta gaji ba. Duk ranar da aka wayi gari janar ba kai, sai a nemo masu gyara, a tsayar da shi, a mayar masa da kai.

Dalilin Essama a fili yake. Leclerc ya shigo Duwala cikin kwalekwale a daren 26 ga Agusta 1940, ya karkato Kamaru zuwa ɓangaren Janar de Gaulle, daga nan ya wuce Cadi, ya ratsa Sahara da rundunar da mafi yawanta baƙar fata ne. Amma kafin dakarunsa su shiga Faris a watan Agusta 1944 an riga an zare baƙaƙen sojojin daga cikinsu. Ya mutu a hatsarin jirgin sama a Aljeriya a 1947, aka yi masa wannan abin tunawa. Essama na ganin gurbin na 'yan ƙasa ne, irin su Ruben Um Nyobè, jagoran jam'iyyar UPC da sojojin Faransa suka kashe a daji ranar 13 ga Satumba 1958.

Mutanen unguwar New Bell a Duwala sun san wannan tarihi a jikinsu. Unguwar kanta daga kora ta samo asali: Jamusawa suka ƙwace filayen bakin kogin Wuri, suka tura masu su bayan gari, sarkin da ya ƙi yarda, Rudolf Duala Manga Bell, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Nan baƙi suka taru daga baya, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu, nan kuma tarzomar Mayu 1955 ta fi zafi, wadda ta kai ga haramta UPC.

In ana wannan hira, kan mai karyawa ake tsayawa. Mai gyara ba a cika tambayarsa komai ba, kamar aikinsa na liƙi ne kawai. Alhali shi ma hukunci yake yankewa: wace fuska, wane juyi na wuya, a nuna tabon ko a shafe shi. Babu inda aka fi daɗewa ana fama da wannan kamar birnin Rum, inda aka kwashe shekara kusan 500 ana ɗora wa karyayyun duwatsu kawuna da hannaye.

Farkon abin da ya kamata a sani shi ne yawancin fararen mutum-mutumin da ake kira na Girka a gidajen tarihi ba Girkawan farko suka sassaƙa su ba. Manyan gwanayensu, irin su Myron da Lysippos, sun fi yin zubi da tagulla, ita kuwa tagulla abar narkarwa ce. Yaƙi ko talauci ya zo, a narke a yi makami ko kuɗi. Abin da ya tsira shi ne kwafin da attajiran Rum suka sa aka yi musu da dutsen mabul don ƙawata lambuna da gidajen wanka. Sana'a ce sosai. Ana ɗaukar siffar na asali da filasta, a kai shago, a riƙa aunawa ana sassaƙa. A 1954 an tono ɗaruruwan ɓaraguzan irin wannan filasta a Baiae, kusa da Napoli, ragowar wani shagon masu kwafi. Dutse ba ya ɗaukar nauyin kansa kamar tagulla, shi ya sa mai kallo zai ga kututturen itace manne da ƙafar jarumi ba gaira ba dalili. Tokari ne. Inda babu tokari kuwa, hannu da wuya da idon sawu su ne ke fara tafiya in dutsen ya faɗi.

Ranar 14 ga Janairu 1506 wani mai gonar inabi a tudun Esquilino na birnin Rum ya ci karo da wani babban sassaƙe a ƙarƙashin ƙasa. Fafaroma Julius na II ya tura magini Giuliano da Sangallo, shi kuma ya tafi da masassaƙi Michelangelo. Nan take aka gane shi, domin marubuci Pliny ya bayyana shi tun ƙarni na farko, har ya ambaci masassaƙa uku daga tsibirin Rodos. Laocoön ne, mai hidimar ɗakin bauta na birnin Troy a tatsuniyar Girkawa, wanda ya gargaɗi mutanensa kada su shigo da dokin katako cikin gari, sai macizai suka fito daga teku suka nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu. Masana har yau suna gardama ko aikin asali ne ko kwafin wani na tagulla. Abin da ba gardama a kai shi ne an same shi babu hannun dama.

Wajen 1510 aka shirya gasa tsakanin masassaƙa, mai zane Raphael na alƙalanci. A farkon shekarun 1530 Giovanni Montorsoli, yaron Michelangelo, ya ɗora masa hannu miƙaƙƙe sama, yana ture maciji da dukkan ƙarfinsa. Ana cewa maigidan nasa ya fi karkata ga cewa hannun asali a lanƙwashe yake zuwa bayan kai, amma miƙaƙƙen ya fi burge ido, shi ya zauna. Da wannan siffa Turai ta san Laocoön har shekara 400. Masu zane suka zana, masu falsafa suka rubuta littattafai a kan jarumtar mutumin da ke ɗaga hannu yana ja da ƙaddara. Sojojin Napoleon suka kwashe shi zuwa Faris a 1798, aka dawo da shi bayan faɗuwar sarkin, aka sake maƙala miƙaƙƙen hannu.

A 'yan shekarun farko na ƙarni na 20, wani dillalin kayan tarihi kuma masani, Ludwig Pollak, Bayahude ɗan birnin Prag, yana duba tarkace a farfajiyar wani mai fasa dutse a Rum, ya ga guntun hannu lanƙwasasshe da jelar maciji a jikinsa. Ya saya, ya ba Fadar Batikan kyauta. Hannun ya yi shekara kusan 50 a ɗakin ajiya, ana ganin na wani kwafi ne daban. Sai a 1957 aka gwada, ramin ƙusa ya dace da ramin ƙusa, aka tabbatar nasa ne. Ashe Laocoön ba ture komai yake yi ba. An riga an fi ƙarfinsa, hannun ya lanƙwashe baya, mutum ne a bakin mutuwa. Pollak bai ga wannan rana ba. 'Yan Nazi sun kama shi da iyalinsa a Rum a watan Oktoba 1943, suka kai su Auschwitz.

Labarin Hercules na gidan Farnese ya fi ban dariya. An tono shi a shekarun 1540 a kangon gidan wanka na Caracalla, ƙato mai tsawon fiye da mita 3, kwafin aikin Lysippos ne da wani Glykon ya sa wa hannu. Babu ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, sai Guglielmo della Porta ya sassaƙa sababbi. Ba a jima ba aka gano na asalin. Masu shi suka duba, suka ce na Della Porta sun fi kyau, aka bar na gaskiya a gefe har 1787, shekarar da aka mayar masa da nasa aka ɗauke shi zuwa Napoli. Yau a gidan tarihin Napoli ƙafafun aron suna ajiye kusa da shi, an ba su nasu gurbi.

Mai jifan faifai na Myron kuwa ya ga ta kansa. An sha tono gangar jikinsa ba kai ba hannu, murɗaɗɗiya, ba wanda ya san me take yi. Wani Bafaranshe, Pierre-Étienne Monnot, ya kwantar da ɗaya ya mai da ita jarumin da ya faɗi a fagen fama; tana gidan tarihin Capitolino. Wata aka ba ta kai da hannaye aka ce Diomedes ne yana sace gunkin Troy, aka sayar wa wani basaraken Ingila. Sai a 1781 aka samu cikakke, kansa waiwaye yana kallon faifan, kowa ya gane kuskurensa. Duk da haka, da aka tono wani a Tivoli a 1791, an ɗora masa kan da ke kallon ƙasa, Charles Townley ya saya, kuma haka yake tsaye a babban gidan tarihin Birtaniya a Landan har gobe, yana shirin jifa bai san inda faifansa yake ba.

Me ya sa ake haka? Kasuwa. A ƙarni na 18 'ya'yan masu kuɗin Ingila na zuwa Italiya yawon buɗe ido, kowa na son ya koma da abin da zai kafa a zaurensa, kuma ba mai biyan kuɗi a kan gungume. Bartolomeo Cavaceppi, wanda ya rasu a 1799, ya riƙe shago mai ma'aikata da yawa da tarin kawuna da yatsu da tafukan ƙafa na dā, ya kuma buga kundi uku na hotunan kayan da ya gyara tsakanin 1768 da 1772, wato talla. Ana haɗa sabon dutse da tsoho da ƙusar ƙarfe da darma, a goge tsohon ya yi sheƙi, a dusashe sabon. An rawaito cewa wasu har da ruwan taba suke rina shi. Wata Venus da dillali Thomas Jenkins ya sayar wa William Weddell a 1765 kanta na wani mutum-mutumi ne daban. Wannan bai rage mata daraja ba: a gwanjon Christie's na 2002 an saye ta kusan fam miliyan 8, ta tafi Ƙatar.

Ba duka ha'inci ba ne, a yi musu adalci. Bernini da kansa ya gyara Ares na gidan Ludovisi a 1622, kuma a zamaninsa cika abin da ya ɓace girmamawa ce ga magabata. Ra'ayi ya fara juyawa ne da Antonio Canova ya ƙi taɓa duwatsun Parthenon da Lord Elgin ya kwaso daga Atina, ya ce bai kamata kurfi ya sake hawa kansu ba. Venus ta Milo, da aka samu a 1820, an bar ta ba hannaye, kuma rashin hannayen ne ya zama sunanta. A 1964 masana suka amince da yarjejeniyar Venis, wadda ta tanadi cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma abin da aka ƙara ya kasance ana iya bambanta shi. Gyartai ya riga su sanin wannan: in ya ɗinke fasasshiyar ƙwarya, ɗinkin a fili yake, uwargida ta san inda za ta kiyaye.

Sai dai garin neman gira an so a rasa ido. A shekarun 1960 gidan tarihin Munich ya cire dukan abin da Bertel Thorvaldsen ya ƙara wa sassaƙen tsibirin Aegina tsakanin 1816 da 1818. Da aka cire sai aka tarar ya riga ya daddatse bakin karayar ya daidaita shi don sabon dutse ya zauna, saboda haka abin da ya rage ba na dā ba ne, ba na Thorvaldsen ba. A shekarun 1970 gidan tarihin Getty a Amurka ya tuɓe wa Hercules na Lansdowne ƙarin da aka yi masa, sannan a shekarun 1990 ya mayar da su, bisa hujjar cewa gyaran ƙarni na 18 shi ma ya zama tarihi. A watan Oktoba 2024 Batikan ta sake fito da Apollo na Belvedere bayan aikin shekara kusan 5: an sa masa sandar tallafi ta zamani a baya, an cire hannun hagu na Montorsoli, an maye gurbinsa da kwafin wani hannun filasta daga tarkacen Baiae, wanda masana ke ganin daga jikin tagullar asali aka ɗauko shi. Wato kwafi ne aka gyara da kwafin kwafi, kuma wannan karon an faɗa wa kowa.

Mai karatu a unguwar Hausawa na iya cewa ina ruwansa da gumakan Girkawa. Ba don bauta ake zancensu ba. Kayan tarihi ne kuma haja ce, Hausawa kuwa sun daɗe da hannu a irin wannan fatauci. Christopher Steiner, a littafinsa na 1994 kan cinikin kayan sassaƙa a Abijan, ya nuna yawancin manyan dillalan Musulmi ne, Hausawa a sahun gaba, da rumbunansu a Treichville. Wani fim na 1992 ya bi Gabai Baaré, ɗan kasuwa daga Nijar, tun daga ƙauyukan Kodebuwa har gidajen masu saye a Amurka. A Duwala ma, wanda ya leƙa rumfunan masu kayan gargajiya a Marché des Fleurs zai ga zubin tagulla da sassaƙen Fumban jere, wasu sababbi fil, wasu sun sha hayaƙi da ƙura da mai. Bambancin da ke tsakanin mai sayen yau da na zamanin Cavaceppi kaɗan ne. Wancan yana son tsoho ya fito cikakke, wannan yana son ya ga tsufa da ɗan cin gara. Dillali dai abin da ido ke nema yake kawowa.

Inda abin ya fi tsanani shi ne kayan gasasshen yumɓu na Nok, a kudancin Jihar Kaduna. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai daga yankin Jama'a wanda ya yi shekara guda a gonar doya yana korar tsuntsaye, daga nan bincike ya kankama. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka yi haƙa a wurare da dama, suka nuna al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin lura a bincikensu shi ne kusan ba su taɓa samun siffa cikakkiya ba. A farfashe suke fitowa, sau da yawa an tara ɓaraguzan a rami ɗaya, alamar da gangan aka fasa aka binne. To, in haka ne, cikakkun da ke cika kundin 'yan gwanjo a Faris da Brussels daga ina? Da yawansu haɗe-haɗe ne: kan wannan, ƙirjin wancan, a cike gibi da garin tsohon kasko da danƙo.

Akwai gwajin da ke auna yaushe yumɓu ya shiga wuta, amma ɗan gari kaɗan ake ɗiba daga wuri ɗaya ko biyu, masu haɗin kuma sun san haka. A watan Nuwamba 1991 Sotheby's ta sayar da wani ragon yumɓu daga Mali a New York kan dala 275,000, da takardar gwaji mai cewa ya haura shekara 500. A 2001 ɗan jarida Michel Brent ya wallafa cewa wani maginin tukwane a Mali ya shaida masa gaban dabbar kawai aka tono, sauran shi ya gina. Yanzu manyan masu saye kan sa a ɗauki hoton cikin kayan da na'urar asibiti don a ga layin haɗi. Asarar da ba na'urar da za ta mayar ita ce ta ramin da aka wawushe: wanda ya tono da dare bai rubuta me ke kusa da me ba. Shi ya sa tun 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina, da na Sao na Kamaru da Cadi, cikin jerin waɗanda bai kamata a saya ba.

Duwala tana da wani mutum-mutumin da ya zo wa lamarin ta wata hanya dabam. A shataletalen Deido, La Nouvelle Liberté na tsaye a kan ƙafa ɗaya, tsawonsa mita 12, nauyinsa kusan tan 8, da ƙwallon duniya a samansa. Joseph-Francis Sumégné ne ya haɗa shi a 1996 da tsofaffin ƙarafa da tarkacen motoci, irin kayan da 'yan gwangwan ke tarawa, bisa gayyatar cibiyar doual'art, wadda Marilyn Douala Bell, daga zuriyar sarkin da aka rataye, ta kafa tare da Didier Schaub a 1991. Bai samu maraba ba da farko. Wasu suka ce dodo ne, wasu suka ce an zubar wa unguwa bola, wasu kuma abin da ya dame su shi ne mai aikin ɗan yammacin ƙasar ne, ba ɗan gari ba. Aikin ya tsaya bai kammala ba har shekara 11.

A jikinsa ba a maganar asali da ƙari, tunda kowane yanki nasa ya taɓa zama wani abu dabam kafin ya zo nan, kuma tabon walda ado ne. Abokin gabarsa shi ne sama: Duwala na shan ruwan da ya haura milimita 3,500 a shekara, ga iskar teku mai gishiri, tsatsa ba ta hutu. A 2007, lokacin bikin fasaha na farko da doual'art ta shirya a titunan birnin, aka ƙarasa aikin aka miƙa shi ga hukumar birnin Duwala. Tun daga lokacin, duk ƙarfen da ya ruɓe a jikinsa ita ke da alhakin nemo mai walda, ita kuma za ta zaɓi abin da za a liƙa a gurbinsa.